Dan Allah a taimaka: kwanan watan da nake sa wa fakiti a matsayin lamba ya rikita min pacman

Sani_Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu amfani da Arch, ko ma wani Linux ɗin daban, ku zo ku duba min wani abu, yau kwana huɗu kenan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ina kula da kwamfutoci 14 a wata 'yar cibiyar koyar da kwamfuta a nan Agege, duk Arch na ɗora musu. Akwai wasu abubuwa da dole kowacce ta samu, saitin kibod ɗin da ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ don yara su riƙa rubuta Hausa daidai, saitin firinta, sai wasu sikirif guda shida da na rubuta, ɗaya cikinsu shi ke share foldar ɗalibai in an tashi da yamma. Da can da filas nake bin su ɗaya bayan ɗaya, da na ga abin ba zai ɗore ba sai na zauna na koyi rubuta PKGBUILD, wato fayil ɗin da ke bayanin yadda za a haɗa fakitin girkawa a Arch, na tattara komai a fakiti ɗaya, na buɗe ɗan rumbun ajiye fakiti da umarnin repo-add a kwamfutar ofis, kowacce tana ja daga can.

Toh matsalar lambar fakitin ce. Aikin nan ba shi da wani 1.0 ko 2.0, gyara ne kawai nake yi duk ranar da na ga abin gyara, shi ya sa na ce bari kwanan wata ya zama lamba, kuma kar sai na riƙa canzawa da hannu. Ga abin da na sa a sikirif ɗin da ke gina shi kullum da dare, sed ya rubuta kwanan watan ranar a layin pkgver, wato lambar fakitin, makepkg kuma ya gina:

`sed -i "s/^pkgver=.*/pkgver=$(date +%d%m%Y)/" PKGBUILD`

`makepkg -f`

Na fara a tsakiyar Janairu, komai lafiya lau har ƙarshen wata. Ana shiga Fabrairu na gyara sikirif ɗin firinta na gina, na je na yi pacman -Syu a kwamfutocin, wato na ce wa pacman, manhajar girka fakiti ta Arch, ya sabunta su, ba wadda ta karɓa, ga abin da suke ce min:

`warning: kayan-cibiya: local (31012025-1) is newer than cibiya (03022025-1)`

Wlh na ranar 3 ga Fabrairu shi ne sabo amma pacman ya dage na Janairu ne sabo. Na biyu kuma, laftof ɗin da nake gini a kai wani lokaci in an ɗauke wuta batir ya ƙare ta mutu, in na kunna sai agogonta ya koma can shekarun baya, sau ɗaya har fakiti ya fito da 2013 a jikinsa. Na uku, ko ban taɓa komai ba kullum sai sabuwar lamba ta fito, kwamfutocin su sake saukewa alhali abu ɗaya ne. Ya ake yin wannan abu yadda ya kamata? Na gode.

Malam_Habu:

Wa alaikumus salam Malam Sani. Da farko sannu da ƙoƙari, wannan aiki na saita wa yara kibod ɗin Hausa Allah ya ba ka lada.

pacman bai san kwanan wata ba sam, lamba kawai yake gani. In ya zo kwatanta 03022025 da 31012025 yana zubar da sifirin farko ne, ya rage miliyan uku da wani abu a gefe ɗaya, miliyan talatin da ɗaya a ɗaya gefen, kaga ai a wurinsa na Janairu ne babba. Mu a nan rana muke fara rubutawa sai wata sai shekara, a takarda ba laifi, amma a lambar fakiti sai ka juya, shekara a gaba sai wata sai rana, `%Y%m%d`, ta haka ne kawai gobe za ta fi yau girma ko da an shiga sabon wata ko sabuwar shekara. Kuma kar ka cire sifirin cikowa, na taɓa ganin wanda ya sa `%-m%-d` don wai ya fi kyan gani, 31 ga Janairu ta zama 2025131, 1 ga Fabrairu ta zama 202521, ya koma gidan jiya. Kafin ka yarda da kowane tsari gwada shi da vercmp, tare yake zuwa da pacman, `vercmp 20250203 20250131` in ya ba ka 1 na farko ya fi sabunta, in -1 na biyu ne, in 0 ɗaya suke.

Amma ni a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. Matsalarka ta biyu da ta uku tushensu ɗaya, kana tambayar agogon kwamfutar da ke gini, alhali abin da kake son lambar ta gaya maka shi ne yaushe aka taɓa kayan da ke ciki. Ranar da aka gina daban, ranar da aka gyara daban. In sikirif ɗinka suna cikin git, manhajar nan da ke adana tarihin gyare-gyare, in ba sa ciki ma yau ka sa su, to git ya riga ya rubuta ranar kowane kwamit, wato kowane gyaran da ka adana a cikinsa, shi za ka tambaya.

Sannan sed ɗin nan ka ajiye shi, makepkg na da wurin da aka tanada don wannan. In ka rubuta aiki mai suna pkgver() a cikin PKGBUILD, bayan ya sauko da kayan ya warware su zai kira shi, duk abin da ya buga shi ne sabuwar lamba, kuma da kansa zai gyara layin pkgver= a fayil ɗin ya mayar da pkgrel, wato lambar da ke bayan karan ɗori irin -1 ɗin nan, zuwa 1. Kamar haka:

```
makedepends=('git')
source=("git+file:///srv/git/kayan-cibiya.git")
sha256sums=('SKIP')

pkgver() {
  cd "$srcdir/kayan-cibiya"
  git log -1 --format=%cd --date=format:%Y%m%d
}
```

Kar ka bar layin pkgver= na sama fayau, sa masa ko wace lamba a karon farko. Kuma ka sani ba a yarda da karan ɗori a cikin pkgver ba, wato 2025-02-03 ba zai wuce ba, don da karan ɗorin ne ake raba pkgver da pkgrel, haka ma ɗigo biyu na : don wannan na epoch ne, wata lamba da ake iya sawa a gaban pkgver. Ɗigo ɗaya kuma ba matsala.

Da wannan in ba ka yi kwamit ba lamba ba ta motsawa, ko sau goma ka gina.

Hajara_Yaba:

Salam. Malam Habu ya gama magana a kan tushen abin, ni ƙari zan yi daga inda na sha wuya, don ni ɓangaren Debian da Ubuntu nake aiki amma ciwon iri ɗaya ne.

Na farko, rana ɗaya kwamit biyu. Ka gyara firinta da safe ka gina ka tura, da la'asar ka ga kuskure ka sake gyarawa, lamba ɗaya za su fito da ita, 20250203 da 20250203, kwamfutocin su ce ai suna da shi. Wasu sai su liƙa guntun tambarin kwamit a baya, irin su gabc1234, yana da amfani don ka san wane kwamit ne aka gina, amma ba ya jeruwa, na yamma zai iya farawa da 0 na safe ya fara da f. Abin da ke ƙaruwa kullum shi ne adadin kwamit, `git rev-list --count HEAD`, shi za ka sa a tsakiya kafin tambarin.

Na biyu kuma lokaci. Mu a Legas awa ɗaya muke gaba da UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya. Akwai daren da na yi kwamit ƙarfe 12:20 na dare ina jiran layin intanet ya yi sauƙi, a agogona an shiga 4 ga wata, a sabar da ke gini kuma har yanzu 11:20 na daren 3 ga wata ne saboda ita a UTC take. Ni na gina a laftof ya fito da 04, saba ta gina nata ya fito da 03, kwamit ɗaya lamba biyu, sai da na ɓata safiya guda kafin na gane. Lokacin sikirif ɗinmu `date` yake kira a kan daƙiƙun kwamit ba tare da -u ba. Tun daga ranar komai nawa UTC ne, ba ruwana da inda aka zauna aka gina:

`TZ=UTC0 git log -1 --format=%cd --date=format-local:%Y%m%d`

Ka lura format-local ne, shi ne ke bin TZ ɗin da ka ba shi, format kawai yana bin yankin lokacin da aka rubuta a jikin kwamit ɗin. Kuma %cd na sa ba %ad ba, %ad ranar da marubuci ya fara rubuta gyaran ne, zai iya zama wata biyu baya in gyaran ya daɗe a wani reshe kafin a haɗe shi.

In wata rana ka mayar da ginin kan GitHub Actions, wato sabar GitHub ta riƙa gina maka, ka tuna checkout ɗinsu kwamit ɗaya tak yake saukowa da shi in ba ka ce `fetch-depth: 0` ba, sai ƙirgar ta riƙa ba ka 1 kullum. Duk wani `git clone --depth 1` haka yake yi.

Wannan ra'ayin na a daina tambayar agogo ba namu ba ne mu kaɗai, mutanen Reproducible Builds sun fito da SOURCE_DATE_EPOCH tun 2015 saboda haka, lamba ce ta daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970 a UTC, kayan gini su ɗauke ta a madadin lokacin yanzu don in mutum biyu sun gina abu ɗaya ya fito iri ɗaya. dpkg-buildpackage, mai gina fakitin Debian, daga debian/changelog yake ciro ta, makepkg ma yana mutunta ta in ka saita, `git log -1 --format=%ct` zai ba ka lambar.

Ga masu Debian da za su karanta nan gaba, a wurinmu lambar a debian/changelog take zama, da dch ake ƙara ta, kuma yadda aka saba rubutawa shi ne 0.0~git20250203.abc1234-1. Alamar ~ ɗin nan a dpkg, manhajar girka fakiti ta Debian, tana zuwa ƙasa da komai, har ƙasa da babu, shi ya sa 1.0~rc1 bai kai 1.0 ba. Ana gwadawa da `dpkg --compare-versions 0.0~git20250203 lt 0.1 && echo eh`. Littafin ƙa'idojin Debian ma kansa ya yi magana a kan lambobin kwanan wata, shekara wata rana ya ce a bi. Amma Malam Sani kar ka kwashi ~ ka kai Arch ka ɗauka haka za ta yi aiki, kowane gida da dokarsa, vercmp za ka tambaya.

Nura_Ikeja:

Oga Sani maganar agogon nan ɓangarena ne, gyaran laftof nake yi a Computer Village. Ƙaramin batirin kan allon uwa ne ya mutu, wanda ke riƙe agogo in babu wuta, yawanci CR2032 ne, a wasu laftof ɗin an naɗe shi da baƙar roba da 'yar waya biyu ja da baƙa. Laftof 'yan gwanjo da yawa a haka suke zuwa, mai shi ba ya ganewa sai ranar da babban batir ya ƙare tas. In ka shigo Ikeja ka zo da ita a canza, ba ya ɗaukar lokaci in dai ba irin wadda sai an kwance komai ba ce.

Amma ina da gyara a maganar Malam Habu, da izininka Malam. In a wannan laftof ɗin yake yin kwamit, ai git ma agogon nan yake kallo lokacin da yake rubuta rana, ranar da ta tashi a 2013 ya yi kwamit bai duba ba, kwamit ɗin 2013 zai ɗauka, fakiti ya sake komawa baya. Ni da ni ne ƙirgar zan sa a gaba, rana ta biyo baya don ido kawai:

r58.20250203.gabc1234

pacman daga hagu yake fara kwatantawa yanki yanki, in 59 ta fi 58 ya gama hukunci, ba zai ma kalli ranar ba. Kuma ka kunna `timedatectl set-ntp true` don ta riƙa gyara agogonta da zarar ta samu intanet, in kana so ma ka sa a farkon sikirif ɗinka ya duba `timedatectl show -p NTPSynchronized --value`, in bai ce yes ba ya tsaya kar ya gina komai.

Malam_Habu:

Nura ka yi gaskiya, wannan ya wuce min, Allah ya ƙara basira. Kuma r ɗin da ka sa a gaba tana da wani amfanin da ba ka faɗa ba. Duk wanda ya fara lamba da 20250203 tsirara ya ɗaure kansa, ranar da ya ga dama ya ce yanzu aikin ya nuna bari in kira shi 1.0, to 1 ba ta kai miliyan ashirin ba, pacman zai ce baya aka koma. Amma a wurin vercmp harafi na ƙasa da lamba, r58 na ƙasa da 1.0 har da 0.1, ƙofa a buɗe take. Shi ya sa fakitocin -git na AUR, rumbun da masu amfani da Arch ke zuba nasu PKGBUILD, waɗanda ba su da tag, wato lambar siga da aka liƙa wa kwamit, suke farawa da r. Masu amfani da kwanan wata zalla akwai su, linux-firmware haka yake, faifan Arch na kowane wata ma shekara.wata.rana ne, Ubuntu kuma 24.04 na nufin Afrilun 2024, amma su sun yanke shawara ne za su zauna a haka, ba su da niyyar komawa 1.0. Ƙirgar kwamit ɗin ita ma sharaɗinta ɗaya, kar ka riƙa goge tarihi kana tura shi da ƙarfi, in ka matse kwamit goma suka zama ɗaya ƙirga za ta ragu.

Saura abu ɗaya da ba wanda ya taɓo. Kwamfutocinka 14 yanzu 31012025 ke kansu. Ko ka koma 20250203 ko r58, duka biyun suna ƙasa da wannan lambar, gyaran ba zai shiga da kansa ba. Abin da aka tanada shi ne epoch, ka sa `epoch=1` a PKGBUILD, lamba ta zama 1:r58 da sauransu, shi kuma epoch yana rinjayar duk abin da ke bayansa.

Hajara_Yaba:

Malam a nan kam ban bi ka ba, ka yi haƙuri. epoch in ya shiga ba ya fita, ranar da ka cire shi ka sake komawa baya, haka za ka yi ta jan 1: har ƙarshen rayuwar fakitin saboda kuskuren sati uku. Na yarda da shi in fakitin ya bazu a hannun mutanen da ba ka san su ba, ba yadda za ka yi ka je gidan kowa. Amma nan kwamfuta 14 ne a ɗaki ɗaya kuma duk a hannunsa suke. In an sabunta rumbu ya yi `pacman -S kayan-cibiya` kai tsaye a kowacce, pacman zai yi gargaɗi cewa ƙasa za a sauko amma zai saka, sau ɗaya kenan an wuce wurin. In akwai ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, a kansu ma daga kujerarsa zai yi da ɗan for guda. Abin da ba zan ba shi shawara ba shi ne -Syuu, don wannan duk fakitin da ya ga na rumbu ya fi ƙasa zai sauke shi, ba naka kaɗai ba.

Malam_Habu:

Hajiya Hajara hujjarki ta fi tawa in dai 14 ɗin ne kawai. Ni abin da na hango, irin wannan wurin ba a rasa malami ɗaya ko biyu da suka ce a saka musu a laftof ɗinsu na gida, su ne za su zauna da tsohon har abada ba wanda ya sani. Malam Sani kai ka san mutanenka, in akwai irinsu ka sa epoch, in babu bi ta Hajiya.

Sani_Agege:

Jama'a Allah ya saka da alheri, wlh na ƙaru sosai. Jiya bayan isha'i na zauna na yi, na cire sed gaba ɗaya, ga yadda ya koma:

```
pkgver() {
  cd "$srcdir/kayan-cibiya"
  printf "r%s.%s.g%s" "$(git rev-list --count HEAD)" \
    "$(TZ=UTC0 git log -1 --format=%cd --date=format-local:%Y%m%d)" \
    "$(git rev-parse --short=7 HEAD)"
}
```

Na gina sau biyu a jere lamba ba ta canza ba, na ƙara layi ɗaya a sikirif ɗin firinta na yi kwamit ta tashi daga r31 zuwa r32, vercmp ya ba ni 1. Malam Habu ka canka daidai, akwai malama ɗaya da na saka wa a laftof ɗinta saboda kibod ɗin Hausa, amma kullum da ita take zuwa aiki, don haka na bi ta Hajiya Hajara ban sa epoch ba, yau da safe kafin yara su shigo na bi 14 ɗin da ssh, tata kuma na karɓa na yi da hannu, duk sun karɓa. Nura ranar Asabar in sha Allah zan shigo Ikeja da laftof ɗin, zan yi maka magana ta akwatin saƙo kafin in taso.

Tambaya ɗaya ta rage min. Tunda makepkg da kansa yake gyara layin pkgver= a PKGBUILD, ni kuma PKGBUILD ɗin a cikin git ɗaya yake da sikirif ɗin, duk ginin da na yi sai git ya nuna min fayil ya canza, in na yi kwamit ɗinsa ƙirga ta ƙaru, gini na gaba ya sake canza lamba, abin ya zama zagaye. In raba su ne, PKGBUILD ya koma wani rumbun git daban, ko in riƙa kwafe shi zuwa wata folda ta wucin gadi kafin in gina? Wanne kuka fi yi a wajenku?